Ku Tambaya, Mu Amsa: Ziyarar Ganuwa, Gidajen Tarihi da Lambunan Birnin York

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga Kebbi da Zamfara suka zo, kuma daga masu 'ya'ya ko 'yan uwa a arewacin Ingila. Mun haɗa waɗanda suka shafi York, tsohon birni mai ganuwa da babbar majami'a, wanda ke kusa da Leeds da Bradford da Hull da Sheffield. Kuɗin shiga da lokutan buɗewa suna canzawa kowace shekara, don haka a leƙa shafin intanet na kowane wuri kwana ɗaya kafin tafiya.

Wata uwa daga Gusau: Assalamu alaikum. A watan Yuli ni da maigidana za mu je Leeds bikin kammala karatun 'yarmu. Ta ce za ta kai mu York na yini ɗaya. Alhaji yana fama da ciwon gwiwa. Me za mu gani, me za mu bari?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya wa karatun albarka. Daga Leeds zuwa York tafiyar kimanin rabin awa ce a jirgin ƙasa, kuma jiragen ba sa yankewa. Ku jira a wuce ƙarfe 9:30 na safe, lokacin da ma'aikata suka gama tururuwa, tikitin ya fi sauƙi. Kada ku je da mota. Titunan cikin gari ƙunci gare su, da yawa an hana mota shiga da rana, kuɗin ajiye ta kuma ya isa abincin rana.

Wurare uku sun ishe ku. Daga tasha ku haye gadar Lendal, a hagunku akwai lambun Museum Gardens, shiga kyauta, da kujeru da inuwa. Nan Alhaji zai huta kafin ku ƙarasa babbar majami'ar, York Minster, wadda aka fara gina ta yadda take a yau wajen 1220, ba a gama ba sai 1472. Abin da ya fi ɗaukar ido a ciki shi ne tagar gabas, ta gilashi mai launi, wadda aka yi tsakanin 1405 da 1408. Tsayinta ya haura mita 20. Kuɗin shigar babba wajen fam 20 ne, kuma tikitin yana aiki har shekara guda, saboda haka kada a yar da shi. Ƙasan majami'ar a shimfiɗe yake, ana kuma ba da aron keken tura marasa lafiya in an tambaya. Ranar Lahadi ba a barin masu kallo su shiga sai bayan tsakar rana.

Hasumiyar tsakiya kuwa, Alhaji ya yafe ta. Matakala 275 ne masu murɗewa, faɗin mutum ɗaya, babu na'urar hawa, kuma wanda ya gaji a tsakiya ba shi da wurin rabewa, mutane na bayansa. Ke ma in za ki hau, ki tattare bakin zane ko abaya a hannu, domin na bayanki zai iya taka shi.

Na biyu ganuwa. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 3, ana tafiya a kanta kyauta, daga safe zuwa faɗuwar rana. Zagaye ta duka yana cin kusan awa biyu, ba kwa buƙatar haka. Ɓangaren da ke tsakanin Bootham Bar da Monk Bar shi ne mafi kyau, minti 20, yana da makari a gefe, kuma daga nan ake ganin majami'ar sosai. Hawansa da saukarsa da tsayi, don haka Alhaji ya zauna a filin Dean's Park da ke gindin majami'ar, ku same shi. Akwai wani abu da ke rikita baƙi a nan: a York kalmar Bar a sunan wuri tana nufin ƙofar gari, sunan da ya ƙare da gate kuma titi ne. Micklegate titi ne, Micklegate Bar ita ce ƙofar. Ta wannan ƙofa sarakunan Ingila ke shiga birnin bisa al'ada, kuma a kanta ake kafa kawunan waɗanda aka kashe da laifin tawaye, har da na Richard, mai sarautar York, a 1460.

Bayan azahar ku je York Castle Museum. An buɗe shi a 1938 a cikin tsohon kurkuku, kuma a ciki an gina titi sukutum irin na ƙarni na 19, da kantuna da kayansu. Hanyar zuwa can za ta iya bi da ku ta Shambles, tsohon layin mahauta, inda har yanzu ake ganin ƙugiyoyin rataye nama. Da tsakar rana cunkoso ne kamar ranar kasuwa, kuma ba a shimfiɗe ƙasansa yake sumul ba, sai a riƙe Alhaji.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da lokacin rufewa. Kusan ko'ina ana daina shigar da mutane minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a rufe. Ku riƙe lema da rigar sanyi mara nauyi ko da gari ya waye da rana.

Wani ɗalibi ɗan Argungu, daga Bradford: Abokaina sun ce in sayi katin shekara da zai ba ni shiga tsofaffin gidaje kyauta. Wanne zan saya? Ina son ganin Castle Howard.

Ƙanena, tsaya tukuna, domin babu kati ɗaya da ke buɗe kowace ƙofa. Kafin ka biya ko sisi, ka san mai kowane wuri.

Ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895, ita ke da gidaje masu kaya a ciki da lambuna: Treasurer's House a bayan majami'a, Beningbrough Hall na 1716 mai nisan kimanin kilomita 13 daga York, da Fountains Abbey kusa da Ripon. English Heritage kuma yawancin wurarenta kufai ne, sansanonin yaƙi da gidajen masu zuhudu da suka rushe: Clifford's Tower a cikin gari, da Helmsley, Pickering, Rievaulx, Scarborough da Whitby. Sai na ukun, masu zaman kansu, waɗanda katin ɗayan biyun nan ba ya aiki a cikinsu: majami'ar kanta, gidan tarihin Jorvik, Castle Museum, da Castle Howard ɗin da kake so.

Duk da sunansa, Castle Howard ba sansanin yaƙi ba ne, gidan sarauta ne. An fara shi a 1699 bisa zanen John Vanbrugh da taimakon Nicholas Hawksmoor, aka shafe fiye da shekara 100 ana gini, kuma zuriyar Howard na zaune a ciki har yau. Gobara ta cinye ƙubbarsa da ɗakuna da dama a 1940, daga baya aka sake ɗora ƙubbar. Yana kimanin kilomita 24 arewa maso gabas da York. Matsalar ita ce zuwa. Bas ɗin da ke zuwa can sau kaɗan yake tashi a yini, don haka ka rubuta lokacin na ƙarshe mai dawowa tun kafin ka shiga gidan. In ya wuce ka, sai ka kira tasi ta waya daga garin Malton da ke kusa, ba a tare ta a bakin hanya. Ka ware masa yini guda. Cikin gidan awa ɗaya da rabi ya isa, filin ne ke cin lokaci, da tabkuna da dazuzzuka da gine-ginen da aka warwatsa a kan tuddai.

Shawararmu ga wanda ba shi da mota: fara da katin rangwamen jirgin ƙasa na 'yan shekara 16 zuwa 25, wanda ɗalibin cikakken lokaci ma yake samu ko ya wuce wannan shekarun. Yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti. Bayan nan ka rubuta wuraren da lallai za ka je a shekarar, ka tara kuɗin shigarsu, ka gwada da kuɗin katin ƙungiyar. In bai wuce biyu ko uku ba, biya a ƙofa ya fi. National Trust na da farashi mai sauƙi ga 'yan 18 zuwa 25. Kuma in ka ga farashi biyu a allo, mai tsadar yana ɗauke da gudummawa ta son rai da ake kira Gift Aid, wadda aka tsara domin masu biyan haraji a ƙasar. Ka ce farashin yau da kullum kake so, ba abin kunya ba ne.

A cikin gidajen za ka tarar da duhu-duhu. Da gangan ne, hasken rana yana kashe launin yadi da zane, kuma in ya kashe ba ya dawowa. Saboda haka aka hana filashin kyamara. Ba a taɓa kaya, domin maiƙon hannu yana cin itace da ƙarfe a hankali. Kujerar da aka ɗora wa busasshen kan ƙaya ko aka gitta mata igiya, kada a zauna ke nan. Jakar goyo a riƙe ta a hannu ko a ajiye. Dattawan da ke tsaye a ɗakuna 'yan sa-kai ne, ba a ba su goro, amma ka yi musu tambaya, sun san ɗakin ciki da bai.

Wani malamin tarihi daga Gwandu: Zan halarci taro a Jami'ar York. Akwai wani abu a can da ya shafi Afirka ko Musulunci, ko duk tarihin Turawa ne zalla?

Akwai, Malam, kuma ya fi abin da mutane ke zato. Rumawa suka kafa garin a shekara ta 71, suka kira shi Eboracum. Sarkinsu Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna a Libya ta yau, a York ya rasu a 211, yana mulkin daular daga can. A Yorkshire Museum, cikin lambun Museum Gardens da muka ambata, ake ajiye da ƙasusuwan wata mata mai hali ta ƙarni na 4 da aka tono a 1901, da warwaron hauren giwa a kabarinta. Binciken da aka yi mata ya nuna tana da jinin Arewacin Afirka.

Sai zamanin mayaƙan Viking, waɗanda suka ci garin a 866 suka kira shi Jorvik. A tonon da aka yi a titin Coppergate tsakanin 1976 da 1981, damshin ƙasa ya adana gidajen katako da takalman fata, aka kuma sami hular alharini, da kwafin dirhamin Samarkand, da wuri irin na Bahar Maliya. Wuri dai, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da danginsa. A 2007 kuma aka tono wata taska kusa da Harrogate, tsabar kuɗi 617 a cikin ƙoƙon azurfa, an binne ta wajen 927, kuma a cikinta akwai dirhamai masu rubutun Larabci. Ta kogin Volga suka biyo: 'yan Viking na kai fatu da bayi, su karɓo azurfar Musulmi, kuma a wurinsu nauyinta ne kuɗi, shi ya sa suke yayyanka ta. Taskar ta haɗin gwiwa ce tsakanin Yorkshire Museum da British Museum na Landan, tana kai-komo, don haka ka aika musu tambaya kafin ka je.

Ka hau Clifford's Tower, matakala 55 a kan tudun da William, wanda ya ci Ingila da yaƙi, ya sa aka tara a 1068. A nan ne a 1190 Yahudawan garin kimanin 150 suka fake daga 'yan tarzoma suka hallaka. Malamin tarihi ya kamata ya tsaya a wurin.

Abu ɗaya muke so ka riƙe in ka shiga manyan gidajen nan: ka tambayi inda kuɗin ya fito. Harewood House kusa da Leeds, wanda Edwin Lascelles ya gina daga 1759, da ribar gonakin rake da gumin bayi 'yan Afirka a tsibiran Karebiyan aka yi shi, kuma masu gidan ba sa ɓoye wannan yanzu. National Trust ma ta fitar da rahoto a 2020 kan wurarenta 93 masu alaƙa da mulkin mallaka da bauta. In kana da yini, Hull na da gidan William Wilberforce, ɗan majalisar da ya jagoranci dokar hana cinikin bayi ta 1807.

Ka kuma lura da yadda suke rubuta wa kowane kaya takarda: mene ne shi, ina aka same shi, a wace shekara, wa ya bayar. Gidan tarihin Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, da hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo a garinku, da kufan Surame, ba su gaza ba wajen nauyin tarihi. Wannan aikin rubutu da lissafin kaya shi ne abin da ɗalibanka za su iya farawa da littafi da biro.

Wata baiwar Allah daga Zuru: Ni Kirista ce. Sai na biya kafin in yi sujada a majami'ar?

A'a, 'yar'uwa. Kuɗin na masu kallo ne. Ki gaya wa na bakin ƙofa sujada kika zo, za a nuna miki wurin zama. Ta yamma, wadda mawaƙa ke rerawa, ƙarfe 5:30 ake yi a ranakun mako, ranar Lahadi ƙarfe 4, ki iso minti 20 kafin lokaci. Ba a ɗaukar hoto lokacin sujada. Majami'ar ta Angilikan ce, mazaunin babban limami na biyu a Cocin Ingila, kujerar da John Sentamu haifaffen Uganda ya riƙe daga 2005 zuwa 2020. Ba a cire takalmi, ɗankwalinki ba matsala, maza ne bisa al'ada ke cire hular kwalliya.

Wani manomin rani daga Talata Mafara: Ɗana ya gayyace ni. Ni lambu nake son gani. Wane wata ya fi, kuma zan iya zuwa da iri gida?

Baba, daga Mayu zuwa Satumba. A Maris da Afrilu furanni rawaya ne ke rufe gangaren ganuwar York, Yuni da Yuli lokacin wardi ne, amma kayan miya da 'ya'yan itace sai Agusta da Satumba suke cika. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙasa a kwance take.

Ka nemi lambu mai katanga, akwai a Beningbrough da Castle Howard. Katangar bulo ce mai tsayi da ta kewaye fili. Tana tare iska, tana shan zafin rana ta sake shi da dare, sai a dasa tuffa da danginta a jikin bangon da ke fuskantar kudu, a ɗaure rassan a kan waya a miƙe kamar an shanya su, ana datse duk wanda ya fito gaba. Su rana suke nema, kai kuwa inuwa da laima kake nema, don haka bangon ba naka ba ne. Abin da zai yi maka amfani shi ne ramukan takinsu, yawanci uku a jere, sabo da mai ruɓewa da wanda ya nuna, da yadda suke lulluɓe gindin shuka da ruɓaɓɓen ganye don ƙasa ta riƙe ruwa, da juya shuka daga fangali zuwa fangali kowace shekara don cuta kada ta zauna.

Mai aiki da ruwan Bakolori kuma kada ya bar Fountains Abbey. Masu zuhudu suka kafa shi a 1132, suka yi arziki da ulun tumaki, Sarki Henry na 8 ya rufe shi a 1539. A ƙarni na 18 John Aislabie ya tare kogin Skell a kwarin da ke gaba, ya bi da shi ta magudanai da ƙananan madatsai da tabkuna, gangara kaɗai ke tura ruwan. Ripon ba ta da tashar jirgi. Ana sauka Harrogate, a shiga bas mai lamba 36 zuwa Ripon, sannan tasi na kimanin kilomita 5. Daga babbar ƙofa gangara ce mai tsayi, mai ciwon ƙafa ya nemi ƙofar yamma. Akwai barewa a filin, a nisance su musamman a Oktoba lokacin barbara, kuma a duba ƙafa da yamma saboda kaska, tasu tana sa cuta. Akwai wata ciyawa mai ganye kamar zarto da ke ƙuna in ta taɓa fata, kada a shafa abin da ba a sani ba.

Tsinkar fure ko reshe haramun ne a wurinsu. Iri kuma, shigo da tsiro ko ƙasa Najeriya sai da izinin hukumar killace kayan gona. Ko ka samu izinin, tuffa da furanni masu kai irin na albasa sai sun sha sanyi na makonni kafin su yi fure, hunturunmu bai kai ba.

Wani magidanci daga Ƙaura Namoda: Hutun Disamba za mu je da yara uku, shekara 4, 7 da 11. Yaya salla da abinci, kuma ina za mu kai su?

Alhaji, ɗan garin da layin dogo ya tuƙe tun 1929 ya fara da National Railway Museum, a bayan tasha, shiga kyauta. A nan Mallard yake, kan jirgi mai tururi da ya yi gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yuli, 1938, babu kuma mai tururin da ya fi wannan gudu har yau. Akwai jirgin Japan mai gudun tsiya da taragon Sarauniya Biktoriya. Wurin a rufe yake daga ruwa, awa uku za su wuce ba ku sani ba. Gidan tarihin Jorvik ma yara na so, ana zagayawa da mutum a ƙaramin keke cikin garin Viking, har da warinsa da aka sa da gangan. A kama gurbi ta intanet, kuma ɗan shekara 4 zai iya tsorata da duhu da mutum-mutumi. Hasumiyar majami'a ba a barin ɗan ƙasa da shekara 8. Ganuwa ana rufe ta in ƙanƙara ta kwanta, wasu ɓangarorinta kuma ba makari ta ciki, a riƙe hannun ƙananan. A jirgi ɗan ƙasa da 5 kyauta ne, 5 zuwa 15 rabin kuɗi.

Yinin gajere ne ƙwarai. Rana na fitowa wajen 8:20, azahar wajen 12, la'asar wajen 1:30, magariba kafin ƙarfe 4. Salla uku ke nan cikin awa huɗu, don haka ku fito da alwala. Masallacin York yana Bull Lane, a gefen titin Lawrence, ɗan tafiya kaɗan daga ƙofar Walmgate Bar. Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba gabas ɗin da muka saba ba. Banɗakunansu babu buta, a riƙe gorar ruwa a jaka. Batun kasaru da haɗa salla a tambayi malamai kafin a tashi.

Abinci mafi sauƙi shi ne mai alamar V, na marasa cin nama. Kifi da dankali ma sai an tambaya, domin a wannan yanki wasu da kitsen sa suke suya, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da giya. A duba alawar yara, da yawa akwai gelatin na alade. A kasuwar Kirsimeti abin sha mai zafi da ake zubawa a kofi yawanci giya ce. Wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati.

Ranar 25 ga Disamba babu jirgin ƙasa, 26 ma kaɗan ne, gidajen tarihi kuma a rufe. Kogin Ouse yakan yi ambaliya a hunturu ya shanye hanyoyin bakinsa, a bi ta cikin gari. Agogonsu a Disamba yana bayan namu da awa ɗaya, don haka da kun sauka ku sauya gari a manhajar lokutan salla, in ba haka ba za ta ci gaba da kira muku sallar Ƙaura Namoda.